Darasi na 9: Rawar Salsa, Salonta da Yadda Ake Kama Kiɗanta

A wannan darasi za mu bar gida, mu leƙa tsibiran Karebiyan da wasu biranen nahiyar Amurka, mu ga rawar da ake kira salsa. Ba dole ne kowa ya fita daga ajin nan ɗan rawa ba. Abin da ake so shi ne ɗalibi ya iya sauraron kiɗa ya ƙirga shi, ya san inda zagayensa yake tashi da inda yake sauka, ya kuma gane dalilin da ya sa mutumin Habana da na Nuyok da na Kali za su ji waƙa guda amma kowa ya taka ta daban.

Daga ina ta fito

Salsa a harshen Sifaniyanci miya ce, irin mai yajin nan da ake haɗa wa kaya iri-iri. Sunan ya dace da kiɗan, don ba hannu ɗaya ne ya dafa shi ba. Tushensa wani kiɗa ne da ake kira son, na gabashin Kyuba, wajajen Santiyago, inda gitar Sifaniyawa ta haɗu da gangunan bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma da yankin Kwango. Ba a soke bauta a Kyuba ba sai 1886, saboda haka lokacin da son yake tasowa akwai tsofaffin da aka haifa a Afirka suna raye a tsibirin. A shekarun 1940 wani makaho gwanin kiɗa, Arsenio Rodríguez, ya faɗaɗa ƙungiyar son, ya shigar da gangar konga da fiyano da ƙarin ƙahonin busa. Kusan duk abin da kunne yake ji a salsa ta yau yana nan cikin wannan haɗin nasa.

Daga nan kiɗan ya tsallaka Nuyok. Tsakanin 1948 da 1966 akwai wani babban ɗakin rawa mai suna Palladium, inda Machito da Tito Puente da Tito Rodríguez suke kaɗa wani kiɗa da ake kira mambo, 'yan Kyuba da 'yan Pwato Riko da baƙaƙen Amurka da Yahudawa da Italiyawa suna gwada ƙwarewa a fili ɗaya. A 1964 Johnny Pacheco, makaɗi ɗan Jamhuriyar Dominika, da wani lauya Jerry Masucci suka kafa kamfanin faifai na Fania, kuma wannan kamfani ne ya yaɗa sunan salsa a duniya cikin shekarun 1970. A 1974 makaɗan Fania tare da Celia Cruz suka yi wasa a Kinshasa, a bikin kiɗan da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Mutanen Kinshasa ba su ji baƙon abu ba. Tun shekaru da dama kafin nan faifan Kyuba suke zagaya Kwango da Senigal da Mali, har ƙungiyoyi irin Orchestra Baobab ta Dakar suka gina nasu kiɗan a kansa.

Tarihin ya isa haka. Mu koma ga abin da yake ba masu koyo wuya.

Ƙidaya takwas

Kiɗan salsa yana tafiya ne a zagaye, kowane zagaye bugu takwas. In ka kai takwas sai ka koma ɗaya, haka har waƙar ta ƙare. Ƙafa kuwa sau shida take sauka cikin takwas ɗin: ɗaya, biyu, uku, sai a ɗan dakata a huɗu; biyar, shida, bakwai, sai a dakata a takwas. Shi ya sa za ka ji malaman rawa suna tsallake huɗu da takwas in suna ƙirga wa ɗalibai. Amma bugun da baki ya tsallake bai ɓace ba. Yana nan, yana cin lokacinsa daidai da sauran, kuma yawancin masu koyo a nan suke tuntuɓe: suna cinye huɗu, su yi tsalle daga uku zuwa biyar, kafin zagaye uku sun wuce kiɗan sun bar shi a baya.

Mu masu ƙirga da Hausa muna da wata sa'a a nan. Duba lambobinmu daga ɗaya zuwa takwas, kowace gaɓa biyu ce: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas. In ka faɗe su a daidaice, ba ka ja wata gaɓa ka taƙaita wata ba, gaɓar farko ita ce bugun, ta biyu kuma ita ce rabin bugun da ke tsakaninsa da na gaba. Masu ƙirga da Turanci sai sun cusa wata kalma a tsakani kafin su samu wannan rabin, mu kuwa a bakinmu yake. Ku riƙe wannan da kyau, don da shi za mu buɗe dukan sauran darasin.

Yanzu takun asali. A rawar mutum biyu akwai jagora, akwai mabiyi. A ƙasashen da rawar take, namiji ne yawanci yake jagora, mace tana bi, suna riƙe da hannun juna. Al'adarmu ba haka take ba, kuma darasin bai buƙaci hakan ba. Duk abin da za a faɗa a nan mutum zai iya yinsa shi kaɗai a tsakar ɗakinsa, ko miji da matarsa, ko 'yan'uwa mata biyu. Jagora zai sa ƙafar hagu gaba a ɗaya, ya mayar da nauyinsa kan ta dama a inda take a biyu, ya dawo da hagu kusa da dama a uku, ya dakata. A biyar ƙafar dama ta koma baya, a shida nauyi ya dawo kan hagu, a bakwai dama ta dawo gida, ya dakata. Mabiyi kamar madubi ne: in jagora ya yi gaba da hagu, shi sai ya yi baya da dama.

Takun nan na ɗaya da na biyar, inda jiki yake zuwa iyakarsa ya juyo, za mu kira shi takun birki, don kamar mai keke ne ya taka birki ya ja da baya. Wani babban bambanci tsakanin salon salsa a kan tambaya ɗaya yake: a wane bugu ake taka birki?

Abin da kunne zai nema

Kafin mu amsa, sai mun san masu magana a cikin kiɗan. Ta farko ita ce kilabe, sanduna biyu gajeru na itace mai tauri da ake buga ɗaya kan ɗaya. Sau biyar take bugawa cikin takwas, uku a gefe guda, biyu a ɗaya gefen. In aka fara da ukun, tana sauka a ɗa na ɗaya, yu na biyu, hu na huɗu, sannan shi na shida da ba na bakwai. In aka fara da biyun, sai ta sauka a bi na biyu, u na uku, sannan bi na biyar, da na shida, ta na takwas. Gwada da tafi, a hankali. Bugun nan da yake faɗawa a gaɓa ta biyu, tsakanin bugu da bugu, shi ne gishirin abin. A waƙoƙi da yawa ba za ka ji sandunan ba ko kaɗan, amma fiyano da ƙahoni da mawaƙi duk a kan tsarinta suke tafiya, kamar yadda ginshiƙi yake riƙe da ɗaki ko da an shafe shi da farar ƙasa.

Ta biyu konga, doguwar ganga da ake kaɗa wa da tafin hannu. Ita ce aminiyar mai koyo, don ba ta cika sauya magana ba. Tana yin wani busasshen mari, tas, a biyu da shida, sannan ta saki murya biyu masu kauri, kum-kum, a gaɓoɓin hu-ɗu, ta sake a ta-kwas. Wato daidai inda ƙafarka take dakatawa, nan konga take magana. In ka ji kum-kum, to bugun da ke biye ɗaya ne ko biyar.

Sai ƙararrawa, irin ta wuyan saniya, wadda take buga ɗaya, uku, biyar, bakwai. Ba ta shigowa tun farko. Waƙar salsa takan fara da baitoci a natse, sai a tsakiya ta ɓalle zuwa sashen da ake kira montuno, inda mawaƙi yake jefa magana 'yan amshi suna karɓa, kamar dai yadda muka saba ji wurin mawaƙanmu da 'yan amshinsu. A nan ne mai kaɗa ƙananan tagwayen ganguna yake ajiye su ya ɗauki ƙararrawa, kiɗan ya ɗau zafi.

Akwai kuma mai yaudara: babbar gita mai kaurin murya. Kunnen da ya saba da kiɗan zamani yana jiran ta faɗo a kan ɗaya. A salsa ba haka take yi ba. Takan sauka a yu na biyu da hu na huɗu, ta riga ɗaya isowa, ta bar wurinsa fanko. Wanda ya bi ta da ƙafa zai ɓata.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya san ma'anar wannan. Kowace taɓarya tana da gurbinta, ɗaya na sauka ɗaya na sama, har wata ta cilla tata ta yi tafi ta cafe, turmin bai rasa bugu ba. Haka makaɗan salsa suke: ba tare suke bugawa ba, kowa gurbin da wani ya bari yake cikewa.

To yaya za a bambance ɗaya da biyar, tunda konga iri ɗaya take yi kafin kowannensu? A nan na sha wuya da kaina. Lokacin da nake koyo na shafe makonni ina taka rawa cike da jin daɗi, ashe biyar nake ɗauka a matsayin ɗaya. Malamarmu ta rawa, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, ta dube ni wata rana ta kashe kiɗan, ta jawo kujera ta ce in zauna. Ta ce, "Ɗana, ƙafarka lafiyarta ƙalau, kunnenka ne bai farka ba." Ranar ban sake miƙewa ba. Ta sa waƙa ɗaya sau huɗu, aikina kawai in ɗaga yatsa duk lokacin da na ji sabuwar jimla ta fara. A karo na uku na fara jin abin: mawaƙi yana buɗe magana a kusa da ɗaya, ƙahoni suna shigowa a ɗaya, fiyano yana komawa mafarinsa a ɗaya. Ɗaya yana da nauyin buɗe ƙofa, biyar kuwa kamar amsa ce. Kuma a sani, wasu waƙoƙin sukan saka rabin zagaye a tsakiya, sai ɗaya da biyar su yi musayar wuri. Ba laifinka ba ne. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Salon Los Anjeles

Shi ne takun da muka bayyana a sama, birki a ɗaya da biyar. Ana yinsa a kan layi, kamar mutum biyu a kan siririyar hanya: jagora ya kauce gefe ya buɗe hanya, mabiyi ya wuce ta gabansa zuwa ɗaya ƙarshen, su juyo su fuskanci juna. Wasu 'yan'uwa uku 'yan asalin Meziko, Luis da Francisco da Johnny Vazquez, suna cikin waɗanda suka fito da shi a shekarun 1990. Salon burgewa ne, mai yawan juyi da kaifin motsi, ya dace da garin 'yan fim. Da shi yawancin makarantu suke fara wa sabon shiga, don ɗaya ya fi sauƙin ji.

Salon Nuyok

Shi ma a kan layi ake yinsa, amma birkinsa a biyu da shida yake. Eddie Torres, wanda aka haifa a 1950 kuma ya yi aiki da Tito Puente, shi ne ya tsara yadda ake koyar da shi a yau. Ƙafa tana sauka a ɗaya, biyu, uku, biyar, shida, bakwai kamar dai wancan, sai dai ɗaya ƙaramin taku ne na shiri. Jagora ya ɗan taka hagu a ɗaya, ya yi birki baya da dama a biyu, ya dawo kan hagu a uku. A biyar ya ɗan taka dama, a shida ya yi birki gaba da hagu, a bakwai ya dawo. Tsofaffin 'yan Palladium kuwa biyu, uku, huɗu, sannan shida, bakwai, takwas suke takawa, su dakata a ɗaya da biyar, amma birkin nasu ma a biyu da shida ne.

Me ya sa mutum zai bar ɗaya mai sauƙi ya koma biyu? Koma kan konga. Marin nan nata, tas, a biyu da shida yake, don haka mai wannan salo birkinsa da marin ganga tare suke faɗawa, kum-kum ɗin kuma shi yake yi masa sallama kafin ya tashi. Kilabe ma, gefenta mai bugu biyu yana sauka a biyu da uku, ko a shida da bakwai, daidai ƙarƙashin ƙafarsa. Shi ya sa rawar take fitowa da santsi, kamar ana jan ta ba tura ta ake ba. 'Yan Nuyok kuma suna son sakin hannu a tsakiyar waƙa, kowa ya yi wasan ƙafarsa shi kaɗai, sannan su sake haɗuwa.

Masu ɗaya da masu biyu sun daɗe suna musun wane ne ya fi. Ni a ganina musun ba shi da kai, don kiɗan bai hana ko wanne ba. Abin da na lura da shi kawai, wanda ya koyi biyu yakan riga ɗan'uwansa sanin konga, saboda dole ta sa shi. Ba shi da wata madafa sai ita.

Salon Kyuba

'Yan Kyuba da yawa ba sa ma kiran rawarsu salsa, kasino suke cewa, sunan da ya samo asali daga kulob-kulob na Habana na shekarun 1950, irin su Casino Deportivo. Babu layi a nan. Mutum biyun suna zagaya juna ne, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kafaɗa da ƙugu suna aiki, hannaye suna sarƙewa su warware kamar mai tufka igiya. Ana taka ta a kan ɗaya, amma in tsohon son ne aka sa, masana sukan koma biyu, uku, huɗu.

Abin da ya fi daɗin kallo shi ne ruweda, wato ƙafar keke: 'yan rawa da yawa, biyu-biyu, su yi da'ira, mutum ɗaya yana kiran sunan motsi, kowa ya yi a lokaci guda. In ya ce dame, wato ba ni, sai kowa ya saki abokin rawarsa ya karɓi na gaba. Akwai dile que no, ce mata a'a, akwai setenta, saba'in. Ruweda malama ce marar sassauci. In kai kaɗai kake rawa ka makara da bugu ɗaya, wataƙila babu wanda ya gani. A da'ira kuwa sai ka miƙa hannu ka tarar wanda za ka karɓa ya riga ya wuce. Kiɗan Kyuba na zamani, timba, wanda ƙungiyar Los Van Van da Juan Formell ya kafa a 1969 ta share wa hanya, yakan karya tsarin ganga a tsakiyar waƙa ya bar mai rawa da ƙidayar cikinsa. Kada sabon shiga ya fara da shi.

Salon Kali

Kali birni ne a Kolombiya da mutanensa suke kira babban birnin salsa. Faifan Kyuba da Nuyok sun riƙa shigo musu ta tashar jiragen ruwa ta Buenaventura, sai masu sa kiɗa a unguwanni suka ɗauki wata ɗabi'a: faifan da aka yi don ya juya sau 33 a minti, sai su sa shi a 45. Kiɗan ya ƙara sauri da kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙafafun 'yan gari suka bi shi. Daga ƙugu zuwa sama jiki a tsaye yake, daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa sai ka rantse wuta aka taka. Suna birki baya-baya a karkace, suna cike huɗu da takwas da ɗan shuri ko dangwale, wani lokaci su taka gaɓoɓin biyu na kowace lamba. Kowace shekara daga 25 zuwa 30 ga Disamba garin yana bikinsa, Feria de Cali, inda makarantun rawa suke jerin gwano a titi, kuma waƙar Cali Pachanguero ta ƙungiyar Grupo Niche, ta 1984, ta zama kamar taken garin.

Yadda za a gyara kama kiɗa

A fara da auna sauri. Ka sa waƙa, ka duba agogo, ka ƙirga bugu nawa ne cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. In ka samu 45, waƙar tana bugu 180 a minti, wato uku a daƙiƙa, zagaye ɗaya bai kai daƙiƙa uku ba. Wannan matsakaici ne a salsa. Wasu suna haura 200. Mai koyo ya nemi masu sanyi, irin waƙoƙin soyayya na shekarun 1980 na su Eddie Santiago da Frankie Ruiz. In har yanzu konga ba ta fito maka ba, saurari ca-ca-ca, kiɗan da Enrique Jorrín ya fito da shi a Habana a farkon shekarun 1950; tsarin kongarsa kusan ɗaya ne da na salsa, amma a hankali yake tafiya.

Taku ya zama ƙanƙane, kada ya wuce tsawon tafin ƙafarka. Dogon taku yana cin lokaci, kuma da kiɗa ya yi sauri shi ne farkon abin da zai kayar da kai. Kowane taku a ɗora masa nauyin jiki gaba ɗaya, yadda za ka iya ɗaga ɗaya ƙafar ba tare da ka yi tangaɗi ba. Wanda yake dangwala ƙafa kawai zai tarar da kansa yana son taka hagu sau biyu a jere. A daina kallon ƙasa. In kuma ƙidaya ta kuɓuce, kada ka bi ta da gudu. Tsaya a inda kake kana ɗan taka ƙafa, ka jira kum-kum, ka jira jimla ta buɗe, ka shiga.

Aikin aji

Malam ya raba aji gida huɗu. Rukunin farko su ƙirga ɗa-ya zuwa ta-kwas da murya, a hankali ƙwarai. Na biyu su buga cokali a jikin kwalba a ɗaya, uku, biyar, bakwai. Na uku su zama konga a kan tebur: mari a biyu da shida, bugu biyu a hu-ɗu da ta-kwas. Na huɗu su tafa kilabe. A shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kada a ƙara rukuni sai na baya ya zauna daram. In duka huɗun sun haɗu, masu ƙidaya su yi shiru na zagaye huɗu suna ƙirgawa a zuci, sannan su dawo da murya, a ga ko sun faɗo a kan ɗaya. Daga nan a yi musayar aiki.

Aikin gida

Bayyana da kalmominka bambancin birki a ɗaya da birki a biyu, ka faɗi abin kiɗan da mai birki a biyu yake dogara da shi. Rubuta gaɓoɓin da kilabe take sauka a kansu in an fara da uku, da kuma in an fara da biyu. Sannan ka zaɓi waƙar salsa ɗaya mai sanyi, ka saurare ta sau uku kana zaune: a karon farko ka bi konga kaɗai, a na biyu ka ɗaga yatsa a kowane ɗaya, a na uku ka lura da minti da daƙiƙar da ƙararrawa ta shigo, ka rubuta. Sai a karo na huɗu za ka miƙe tsaye. Ka zo da sunan waƙar da adadin bugunta a minti ranar darasi na gaba.